Yadda Ake Koyar da Ɗaliban Jami'a Gina Fuskar Manhaja a Zango Ɗaya

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya gama kwasa-kwasan farko, a Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake ko a Jami'ar Jihar Sakkwato, manhaja iri ɗaya ya saba rubutawa: ta fara daga layin farko, ta tambayi suna, ta tambayi lamba, ta yi lissafi, ta buga amsa a baƙin allo, ta tsaya. A irin wannan, mai rubuta kod ne ke da wuƙa da nama, mai amfani kuwa bi kawai yake yi. Manhaja mai fuska, wato mai taga da maɓallai da akwatunan rubutu, ta juya lamarin. Wanda ke riƙe da linzami shi ke zaɓar abin da zai faru da lokacin da zai faru. Yana iya danna "Ajiye" bai rubuta komai ba, ko ya danna sau uku a jere, ko ya rufe taga ana tsakiyar lissafi. Kwas ɗin gaba ɗaya a kan wannan miƙa iko ya tsaya, a cikin kod da kuma a cikin zane. Malamin da ya ƙarar da zango yana nuna yadda ake canza launin maɓalli zai yaye ɗalibai masu tagogi masu kyau waɗanda ba wanda ke iya aiki da su.

Tsarin da ke ƙasa an gina shi ne a kan mako 13 na koyarwa, da awa 2 na lacca da awa 3 na ɗakin kwamfuta a kowane mako.

Kayan aiki

A fara da Python da Tkinter, wato kayan gina taga na Python. Ba don ya fi sauran kyau ba, tagoginsa ma sun fi na kowa kama da na zamanin da. Dalili shi ne yana zuwa a cikin Python ɗin da ake sa wa Windows, ba ya cin data, yana gudu a kan laftof mai ƙwaƙwalwa 4GB, kuma layi goma sun isa a ga taga. Kafin mako na farko a bi kwamfutocin ɗaki ɗaya bayan ɗaya a rubuta `python -m tkinter`. Idan ƙaramar taga ta buɗe, an gama da wannan. A Ubuntu sai an ƙara `python3-tk` daban. Kwamfutar da har yanzu ke kan Windows 7 ba ta ɗaukar abin da ya wuce Python 3.8, don haka ko a sabunta ta, ko ajin duka ya kauce wa abubuwan da suka zo bayan wannan sigar.

Idan Java sashen ke koyarwa, Swing, kayan gina taga na Java, ya wadatar, kuma duk abin da za a faɗa a nan yana da takwara a can. JavaFX, ɗayan kayan gina taga na Java, tun 2018 aka cire shi daga cikin JDK, wato kunshin kayan aikin Java, a siga ta 11, sai an sauke shi daban an haɗa, kuma haɗawar na iya cinye awa ukun farko. Android Studio kuwa a ajiye shi wa masu aikin kammala digiri: yana neman ƙwaƙwalwa 8GB a ƙalla, kuma ginin farko sai ya sauke kaya masu yawa daga intanet. Wanda ke son Qt, wani kayan gina taga, a rabin zango na biyu, ya sauke PySide6, wato Qt na Python, sau ɗaya da `pip download`, ya zuba a filash, ɗalibai su sa da `--no-index` da `--find-links`, kowa ya huta da sayen data.

Manhajojin da ake jan maɓalli a ajiye da linzami, irin na NetBeans da Visual Studio da Qt Designer, a hana taɓa su sai mako na 8. Suna rubuta kod a ɓoye, ɗalibi ya ga taga ta fito ya ɗauka ya iya, ranar da abu ya karye bai san inda zai duba ba.

Sai batun wuta da zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, ɗaki mai kwamfuta hamsin da ɗalibai ɗari ba ya zaunuwa da azahar, laftof ma rage gudu take yi idan ta yi zafi. A nemi a sa aikin ɗakin kwamfuta da safe. Kowane zama kuma malami ya shigo da aikin takarda a jaka, don idan an ɗauke wuta kada a watse. Inda kwamfutoci suka yi kaɗan a zauna biyu-biyu, ana musayar kujera duk minti 20 da agogo. In ba a sa agogo ba, mutum ɗaya ne zai riƙe kibod har ƙarshen zango, ɗayan ya zama ɗan kallo.

Mako biyu ba kwamfuta

Tarihi kada ya wuce rabin awa: Sketchpad na Ivan Sutherland a 1963, nunin linzami da Douglas Engelbart ya yi a 1968, kwamfutar Alto ta cibiyar Xerox PARC a 1973, Macintosh a 1984, Windows na farko a 1985. Amfaninsa ɗaya ne, ɗalibi ya gane cewa taga da maɓalli mutane ne suka zauna suka ƙirƙiro su don warware wata matsala, ana kuma iya yi musu gyara.

Daga nan sai takarda. A kasa aji rukuni-rukuni na mutum huɗu, kowane rukuni da farar takarda, kwali, almakashi, fensir da gam. Kowane rukuni ya ɗauki aikin da akwai mai bukatarsa a gari: littafin bashi na dillalin albasa, rajistar marasa lafiya ta ƙaramin asibiti, lissafin adashi, jerin kuɗin makarantar Islamiyya. A haramta kalkuleta da shafin shiga da kalmar sirri, intanet cike take da su, kuma ba su da mai amfani da za a je a tambaya.

Kowace taga a zana ta a takarda guda. Jerin zaɓi da saƙon kuskure a yanka su a ƙananan kwalaye. Wajen gwaji, ɗaya ya zama kwamfuta: ba ya magana, aikinsa idan an taɓa maɓalli da yatsa ya canza takarda. Na biyu ya karanta aikin, na uku ya rubuta abin da ya gani, na huɗu ya tafi wani rukuni ya zama mai amfani a can. Yadda ake rubuta aikin shi ne wurin da ake yawan ɓatawa. "Danna Sabon Bashi ka cike akwatuna" ba gwaji ba ne, an riga an ba da amsa. A rubuta haka: "Alhaji ya ɗauki buhu 12, ya biya kuɗin 7. Shigar da shi yadda gobe za a san abin da ya rage." Sai a yi shiru a kalli yatsa. Zai tsaya a sama yana yawo tsakanin "Ciniki" da "Bashi", ya taɓa ɗaya, ya janye, ya ɗago kai ya kalli wanda ya zana. Wannan ɗago kan shi ake nema, kuma gyaransa a takarda minti biyu ne da magogi. Da an riga an rubuta kod na kwana uku, ɗalibi kare zanensa zai tsaya yi.

Zagayen jira

A nan ya kamata malami ya zauna sosai, mako uku ba su yi yawa ba. Manhaja mai fuska kamar mai shago take: ya buɗe da safe, ya jera kaya, ya zauna. Bai san wa zai fara zuwa ba, bai san me zai nema ba. Masu saye na layi, yana sallamar su ɗaya bayan ɗaya, kuma idan ya shiga ciki neman kayan mutum ɗaya ya daɗe, layin duka tsayawa yake yi. Layin nan shi ne jerin aukuwa: an danna, an motsa linzami, an buga harafi, an ja gefen taga, lokaci ya cika, wani sashe na taga na bukatar a sake zana shi. `mainloop` shi ne zaman jiran. Yana ɗauko aukuwa ɗaya, ya kira aikin da aka ɗaura mata, ya jira aikin ya dawo, sannan ya ɗauko ta gaba. Abin da ɗalibai ke wuyar yarda da shi shi ne cewa zana tagar ma a cikin wannan layin yake.

Gani ya kori ji, don haka a nuna musu. A yi taga mai maɓalli biyu da akwatin rubutu, a sa `time.sleep(10)` a aikin maɓalli na farko. A danna, sannan a kira ɗalibi ya gwada rubutu a akwatin. Ba abin da zai fito. Ya danna maɓalli na biyu, shiru. Ya ci gaba da dannawa, Windows ta dusashe tagar ta rubuta cewa ba ta amsawa. Bayan daƙiƙa goma duk haruffan da ya buga su zubo lokaci guda. A tambayi aji ina haruffan suka tsaya. Wanda ya amsa cewa a layi suke jira ya fahimci rabin kwas.

Daga nan a ba su ma'auni. Abin da ya amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum na jin nan take ne. Zuwa daƙiƙa 1 zai lura da jinkiri amma tunaninsa bai katse ba. Abin da zai kai daƙiƙa 10 dole a nuna sandar ci gaba da hanyar fasawa, in ba haka ba zai ɗauka ta mutu ya sake dannawa. Allo mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa yana ba kowane hoto kimanin milisakan 16 ne kawai. Android kuma idan manhaja ta yi daƙiƙa 5 ba ta amsa taɓawa ba, yakan tambayi mai waya ko a rufe ta.

Magani iri biyu ne. Abin da ke maimaituwa, kamar agogo ko ƙirge, a yi shi da `after`: a ce wa Tkinter bayan milisakan 1000 ya kira aiki kaza, aikin ya yi abinsa ya sake yin rajistar kansa, ya dawo nan da nan. Aiki mai nauyi, kamar karanta babban fayil ko jiran intanet, a kai shi zare na daban, wato wata hanyar aiki da ke gudana a gefe cikin manhajar. Dokar zare ɗaya ce kuma ba ta da sassauci: zaren da ya gina taga shi kaɗai ke taɓa ta. Zaren aiki ya zuba sakamakonsa a `queue.Queue`, babban zare ya riƙa leƙawa da `after` duk milisakan 100. Wanda ya karya dokar ba lallai ya ga kuskure ranar ba, kuma illar ke nan: manhajar ta yi aiki sau tara, ta mutu a na goma, galibi gaban mai ba da maki. A Swing sunan abin `SwingWorker` da `invokeLater`, a Qt sigina ake aikawa. A tuna kuma `sqlite3` ba ya yarda a buɗe rumbun bayanai a zare ɗaya a yi aiki da shi a wani, sai kowane zare ya buɗe nasa.

Akwai kurakurai uku da kowane aji sai ya yi, gara malami ya jawo su da gangan tun a mako na 4. Na farko rubuta `command=ajiye()` a maimakon `command=ajiye`. Da baka biyun nan, Python na kiran aikin tun ana gina maɓalli, ya miƙa wa maɓallin abin da aikin ya dawo da shi, wanda galibi babu ne. Alamarsa: saƙo ya fito tun taga ba ta buɗe ba, bayan nan maɓalli ya zama gunki. Kada a ce musu "cire baka" kawai a wuce, a tsaya a bayyana cewa maɓalli sunan wanda zai kira yake so a ba shi, kiran kuwa sai mai amfani ya danna.

Na biyu, a gina maɓallai goma daga 0 zuwa 9 a cikin madauki da `lambda`, sai kowanne ya buga 9. Dalili: `lambda` ba ƙimar `i` ta lokacin gini ya riƙe ba, `i` ɗin kansa ya riƙe, kuma kafin a danna komai madauki ya ƙare a 9. Gyaran shi ne `lambda n=i`, wanda ke kwafe ƙimar a lokacin. Na uku hoto ne da ke ɓacewa: an buɗe `PhotoImage` a cikin aiki, aikin ya ƙare, Python ya ga ba mai riƙe da hoton ya share shi, wurin ya zama fari ba tare da saƙon kuskure ba. A ajiye hoton a jikin wani abu mai daɗewa, kamar `self.hoto`.

Jera kaya a taga

Ɗalibai na son `place`, don lamba biyu ake ba shi abu ya zauna. A hana. Laftof da yawa a hannun ɗalibai allonsu 1366 a 768 ne, na malami wataƙila 1920 a 1080 da girman rubutu kashi 125 ko 150, kuma abin da aka kafa da lamba a wancan zai hau kan juna a wannan. A koyar da `grid` da kyau: layi da ginshiƙi, `sticky` don abu ya manne a gefen da ake so, `weight` don a san ginshiƙin da zai ci sararin da ya ƙaru. Mantawa da `weight` shi ke sa a buɗe taga ta cika allo, kaya su dunƙule a kusurwa. Haɗa `pack` da `grid` a cikin firam ɗaya kuskure yake jawowa, amma kowane firam na iya bin nasa tsarin. Gwajin wannan mako ba ya ɗaukar minti ɗaya: malami ya kama gefen taga ya matse ta iya matsewa, ya buɗe ta iya buɗewa, sannan ya canza rubutun maɓalli ɗaya zuwa doguwar jimla.

Raba lissafi da fuska

Idan aka bar ɗalibi, komai a cikin aikin maɓalli zai zuba: karanta akwati, lissafi, rubutu a rumbu, saƙo, layi ɗari biyu. Tsarin raba su gida uku, wanda ake kira MVC, ya daɗe, Trygve Reenskaug ya bayyana shi a Xerox PARC a 1979, amma zanen akwatuna uku da kibiyoyi a allo ba ya canza halin kowa. Doka mai cizo ita ce: fayil biyu, `lissafi.py` da `fuska.py`, kuma kalmar `tkinter` ba za ta bayyana a na farko ba. Malami zai gwada `lissafi.py` shi kaɗai ba tare da buɗe taga ba. A mako na 9 a ba su aikin da ke tona asiri: su yi wa lissafin nan fuska ta biyu, ko da ta baƙin allo ce, cikin zama ɗaya. Wanda ya raba zai gama kafin awa, wanda ya cakuɗa sai ya sake daga tushe.

A nan ake shigar da abubuwan da littattafan waje ba su damu da su ba. Kuɗi a ajiye su da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, ko a yi amfani da `Decimal`. A sa su rubuta 0.1 + 0.2 su ga 0.30000000000000004 da idonsu. Lambar waya rubutu ce ba adadi ba: lambobi 11 ne masu farawa da sifili, `int` zai cinye sifilin. Akwatin kuɗi ya karɓi "12,500" da waƙafi, don haka mutane ke rubutawa, manhaja ce za ta cire waƙafin. Kwanan wata rana ce ke gaba sannan wata, ba irin na Amurka ba. Kuma tunda wuta na tafiya ba sallama, kowace shigarwa a rubuta ta a SQLite a yi `commit` nan take. Gwajinsa a kashe manhajar da ƙarfi ana tsakiyar aiki, a sake buɗewa, a ga me ya tsira.

Sunayenmu da haruffanmu

A sa kowane rukuni ya shigar da sunaye huɗu: Mu'azu, Asma'u, Ɗanladi, Ƙasimu. Biyun farko za su karya duk manhajar da ta haɗa umarnin SQL da manna rubutu, saboda alamar da ke tsakiyar sunan ita ce ke rufe zance a SQL. Gyaran shi ne a sa alamar tambaya a gurbin ƙima, a miƙa ƙimar daban, kuma wannan gyaran shi ne dai ke toshe ƙofar masu kutse ta akwatin rubutu. Biyun ƙarshe za su fito da saura. Idan an buɗe fayil a Windows ba a rubuta `encoding="utf-8"` ba, Python na iya ɗaukar tsohon tsarin haruffan Turai ta Yamma, wanda babu ɓ, ɗ, ƙ a cikinsa, sai rubutu ya faɗi da kuskure. Idan salon rubutun da aka zaɓa ba shi da harafin, ko akwati ya fito a gurbinsa, ko a aro shi daga wani salo ya yi dabam da 'yan'uwansa. Alamar naira ma a duba ta.

Jerawa ta fi ɓuya. Kwamfuta da lambar harafi take jerawa, lambar Ɗ kuwa ta fi ta Z, don haka Ɗanladi zai koma bayan Zainabu a maimakon ya biyo masu D. `create_collation` na ba da damar a koya wa SQLite jerin Hausa. Nema kuma sai an yi la'akari da cewa yawancin mutane ba lanƙwasa suke bugawa: mai shago zai rubuta Danladi yana neman Ɗanladi. A ajiye ginshiƙi na biyu da aka mayar da sunan ƙananan haruffa marasa lanƙwasa, a riƙa nema a cikinsa, ana nuna na asali. `LIKE` na SQLite haruffan Ingilishi kawai yake daidaita babba da ƙarami, Ƙ da ƙ a wurinsa baƙin juna ne.

A Sakkwato ba a rasa rukunin da zai so Ajami, kuma ya dace a ƙarfafa su. Sai dai a gaya musu tun wuri cewa Tkinter ba ya riƙe rubutun dama zuwa hagu da kyau, musamman a akwatin shigarwa. Qt ya iya, kuma `setLayoutDirection` na juya jerin tagar duka.

Ƙa'idojin zane

Kaɗan masu lamba sun fi dogon jeri. Paul Fitts ya nuna a 1954 cewa lokacin kai hannu ga abu na ƙaruwa da nisansa, yana raguwa da girmansa: maɓallin da ake dannawa kullum ya zama babba kuma kusa, "Goge" kuwa a nesanta shi da "Ajiye". A waya, Google na ba da shawarar wurin taɓawa kada ya gaza 48dp, Apple kuma 44pt, duka ma'aunin girma ne a allo. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafukan intanet, ta sa bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum. Kafin a kawo lissafin, a fitar da aji waje da tsakar rana da laftof, rubutu mai ruwan toka a kan fari zai ɓace su gani. Launi kada ya ɗauki saƙo shi kaɗai, akwai waɗanda ba sa bambance ja da kore, don haka a haɗa da kalma. Hoton faifan filofi a matsayin "ajiye" ɗaliban kansu yawancinsu ba su taɓa riƙe shi ba, balle mai sayar da albasa. A sa rubutu a ƙarƙashin kowace alama.

Daga ƙa'idoji goma da Jakob Nielsen ya fitar a 1994, waɗanda suka fi yi wa ɗalibai wuya su ne nuna halin da manhaja ke ciki, ba da hanyar komawa baya, da saƙon kuskure mai amfani. Saƙo ya faɗi abin da ya faru da abin yi, kusa da akwatin da ke da matsalar: "Lambar waya 11 ce, 10 aka rubuta." Kada kuma a share abin da mutum ya riga ya cike. Tambayar "Ka tabbata?" a kan komai koya wa mutane danna "E" ba karatu take yi, maɓallin dawo da abin da aka goge ya fi ta tsaro. A ƙarshe a cire linzami a ce su yi aikin duka da Tab da Enter.

Gwaji da mutanen gari

Mako na 10 da na 11 na fita ne. Kowane rukuni ya gwada da mutum biyar. Lissafin Nielsen da Thomas Landauer na 1993 ya nuna mutum biyar kan tono mafi yawan matsalolin, kusan kashi 85, don haka gara a gwada da biyar, a gyara, a sake da wasu biyar, da a tara goma sha biyar lokaci guda. Sharaɗi: ba ɗan sashen kwamfuta, kuma aƙalla biyu su kasance masu sana'ar da aka yi manhajar dominsu. A nemi izini, kada a ɗauki hoton fuska, kada a rubuta suna. Ɗalibai mata na da damar da maza ba su da ita, ta shiga gida su gwada da uwar adashi ko mai sana'ar cikin gida.

Babbar matsalar gwaji a nan kara ce. Ka tambayi dattijo ya ya ga aikin, zai ce "Ya yi kyau ƙwarai, Allah shi yi albarka," alhali bai iya shigar da ko buhu ɗaya ba. Don haka ba a tambayar ra'ayi. Abu uku ake rubutawa: ya gama ko bai gama ba, minti nawa, sau nawa ya shiga inda ba nan ba. Kafin a fara ɗalibi ya ce, "Baba, manhajar muke gwadawa ba kai ba, duk inda ta ruɗe ka laifinmu ne, kuma shi muka zo nema." In ba a faɗi haka ba, mutum zai ɗora wa kansa, ya ce shi bai yi boko ba, ya tura wa yaron shago. Idan ya tsaya ya ce "To, mi zan taɓa yanzu?" amsar ita ce "Me kake ganin zai yi?" Hannun ɗalibi zai yi ta ƙaiƙayin nuna masa, a sa mai karanta aiki ya riƙe takarda da hannu biyu. Sai bayan minti biyu cur na tsayawa ake taimakawa, a kuma rubuta cewa aikin bai yiwu ba.

Rahoton shafi biyu ne: matsalolin da aka gani, an jera su daga mai hana aiki zuwa mai ɓata rai kawai, da hoton taga kafin gyara da bayansa.

Maki

A yawancin jami'o'inmu maki 30 ko 40 ne na ayyukan zango. Idan 40 ne, rabon da ke aiki shi ne 6 ga zanen takarda, 8 ga ƙananan ayyukan mako, 8 ga tsarin kod, 10 ga gwaji da gyaran da ya biyo baya, 8 ga kare aiki. Kyan launi ba shi da maki na kansa. Rahoton da ya ce mutum biyar duk sun gama ba tangarɗa, a mayar da shi, ko an taimaka musu ne ko ba a je ba.

Kwafe daga intanet ko daga manhajojin da ke rubuta kod ba a kama shi da karanta fayil. Minti goma gaban malami ke kama shi, kowane ɗalibi shi kaɗai, ba rukuni ba: "Ƙara akwatin sunan ƙauye, ya shiga rumbu, ya fito a jeri." Wanda ya gina abin ya san wurare ukun da zai taɓa. A kuma riƙa karɓar aikin kowane mako, ta git ko ta filash, don manhajar da ta faɗo daga sama a mako na 12 ta bayyana kanta. Jarrabawar takarda kada ta zama haddar sunayen kayan taga. A ba da kod mai layi 20 a ce su jera abin da zai fito idan an danna kaza sannan kaza, a ba da wanda ke daskarewa a ce su faɗi dalili, a ba da hoton taga a ce su fito da aibi uku da gyaransu.

Makon ƙarshe na miƙa aiki ne ga mai shi. PyInstaller na dunƙule manhaja ta zama fayil da ake dannawa ba sai an sa Python ba, amma a Windows ake gina na Windows. Hotuna da sauran fayiloli ba sa bin sa sai an ambace su da `--add-data`, kuma duk hanyar fayil da aka kafa da sunan mai laftof za ta karye a wata kwamfutar. Rumbun bayanai kada a ajiye shi a cikin dunƙulen: idan an yi ginin fayil guda, a wurin wucin gadi yake buɗewa, a share shi bayan an rufe, bashin da aka shigar yau gobe babu shi. A ajiye rumbun a cikin foldar mai amfani. Wasu manhajojin kariya kan ɗauki irin wannan fayil a matsayin ƙwayar cuta su hana shi tashi, ginin `--onedir` ya fi tsira daga wannan. Malami ya ware kwamfuta ɗaya a ɗaki wadda ba a taɓa sa mata Python ba, a kanta ake karɓar aikin kowane rukuni.